Babur ɗin ruwana yana mutuwa da na danna totur: in sayi kafireto ko in sauke injin?

"Assalamu alaikum Malam. Na sayi tsohon babur ɗin ruwa, Sea-Doo GTX na 1997, kwatano, daga Legas, ina shiga Tafkin Jabi da shi a ƙarshen mako. A kan tirela bugu ɗaya yake tashi, ƙararsa lafiya lau. Amma da an sa shi a ruwa na danna totur, sai ya yi kamar an shaƙe shi ya mutu. Wani lokacin kuma ya yi gudu kamar na minti goma sannan ya ɗauke, sai na jira ya huce. Mai gyaran babur na unguwarmu ya canja filogi, ya wanke kafireto da fetur, ya jujjuya sukurorinta, amma ba ta sauya zani ba. Yanzu ya ce ko in sayi sabuwar kafireto ko a sauke injin. Me ka gani?" Daga wani mai karatu a Gwarinpa.

Wa alaikumus salam, Malam. Idan na fahimce ka, alamu biyu ka kawo: mutuwa a daidai lokacin da ka ba shi wuta, da kuma mutuwa bayan ya ɗauki zafi. Suna iya zama ciwo ɗaya, suna iya zama biyu. Kafin komai, shawarata ita ce ka dakata da hawansa har sai an gano bakin zaren, kuma kada ka sayi ko sukuru ɗaya tukuna. Dalilin dakatawar zai fito a ƙasa.

Injin da ke cikin GTX na 1997 shi ne Rotax 787, silinda biyu, kafireto biyu ƙirar Mikuni, ƙarfin doki 110. Mai bugu biyu ne, wato danginsu ɗaya da ƙaramin janareton Tiger da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, sai dai shi wannan yana da tankin mansa daban da ɗan famfo mai auna masa man. Irin wannan injin abu huɗu yake nema: matsi a cikin silinda, fetur da iska daidai gwargwado, wuta a filogi, da ruwan sanyaya. Duk mutuwar da zai yi, ɗaya daga cikin huɗun nan ne ya gaza.

Tashin da yake yi a kan tirela kuwa bai shaida komai ba, kuma nan ne masu saye da yawa suke faɗawa. A tudu farfela iska kawai take kaɗawa, babu nauyi a kanta, don haka injin da silinda ɗaya ce kaɗai ke aiki ma zai yi ruri kamar sabo. Ko sulo ɗinsa ya nuna maka haka: wanda aka saita daidai yana juyi kusan 3,000 a minti a tudu, amma da ya shiga ruwa sai ya sauko wajen 1,500. Ruwa ne ke tona asirin injin.

Fara da geji

Abin da nake fara yi wa duk tsohon injin da aka kawo min da irin wannan ƙorafi shi ne auna matsi, domin aikin minti goma ne kuma shi zai amsa rabin tambayarka, wato maganar sauke injin. A cire filogi biyun, a maƙala wayoyinsu a ƴan ƙusoshin da aka tanada don haka a jikin akwatin lantarki, a ɗaura geji, a danne totur har ƙarshe, a buga sitata da batir mai cikakken caji. Lafiyayyen 787 yana ba da wajen 150 psi a kowace silinda. Idan ka ga ya sauko 120 ko ƙasa, zobe da fistin sun gaji. Abin da ya fi lambar kanta muhimmanci shi ne tazarar da ke tsakanin silinda biyun: idan ta wuce kashi goma cikin ɗari, akwai abin da ya faru a ɗaya. A nan babu wankin kafireto da zai yi magani.

Tunda filogi suna hannunka, ka dube su da kyau. Nasa NGK BR8ES ne, tazarar bakinsa milimita 0.5 zuwa 0.6. Launin ƙasa-ƙasa alama ce mai kyau. Baƙi jiƙe da mai yana nufin fetur ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Fari fat, ko mai ɗigo-ɗigon toka kamar garin alminiyam, shi ne abin tsoro. Idan kuma ka ga ɗigon ruwa a jiki, ruwa na shiga inda bai kamata ba. Kowane filogi labarin silindarsa yake bayarwa, don haka kada a haɗa su wuri ɗaya a manta wane ne na gaba, wane ne na baya.

Inda na fi zargi: hanyar fetur

Idan matsi ya fito lafiya, zato na ya fi ƙarfi a kan cewa injinka yunwa yake ji. Da ka danna totur, iska ta shiga da yawa, fetur bai biyo ta ba, sai wuta ta ɗauke. Akwai gwaji mai sauƙi: a ruwa, kusa da gaɓa, ka danna totur, daidai lokacin da ya fara shaƙewa ka ɗan ja cok. Idan ya farfaɗo ya ɗauki gudu, fetur ne bai isa ba. Idan ya ƙara nutsewa ya mutu nan take, ko dai fetur ya yi yawa ko matsalar tana wajen wuta. Sau ɗaya ko biyu za ka yi wannan gwajin, ka tsaya.

Ga dalilin da na ce ka dakata da hawa. A injin mai bugu biyu, fetur ɗin da ke shiga yana taimakawa wajen sanyaya kan fistin. Idan ya yi ƙaranci, zafi ya hau, fistin ya fara narkewa ko ya kama jikin silinda. Kuma da yake kafireto biyu ne, ɗaya na iya toshewa ɗayar na aiki, sai silinda mai lafiya ta riƙa jan mai yunwar da ƙarfin tsiya, mai hawa bai sani ba, yana ta danna totur yana cewa zai buɗe. Yawancin injinan da aka kawo min sun buga, tarihinsu ɗaya ne: an daɗe ana fama da ƴar shaƙewa, ana lallaɓawa, har ranar da ya tsaya cak a tsakiyar ruwa. Aikin da tiyo da ƴan robobi za su gama sai ya koma na fistin da gyaran silinda.

To me ke hana fetur isa? Ɗaga kujera ka dubi tiyon fetur. Idan launin toka ne, mai rubutun Tempo a jiki, to kusan ka kama ɓarawon. Sea-Doo da yawa na shekarun 1990 da irin wannan tiyon suka fito, kuma sananne ne cewa cikinsa yana ruɓewa da tsufa, musamman idan ya haɗu da fetur mai sinadarin etanol. Daga waje za ka gan shi garau, amma idan ka zare shi daga bakin ƙarfe sai ka tarar da wani koren danƙo. Wannan danƙon ne ke tafiya ya toshe komai. Ba a wanke irin wannan tiyo, canja shi ake yi gaba ɗaya da tiyon fetur mai kyau, mai faɗin milimita 6 da 8 gwargwadon wurin, a bi ɗaya bayan ɗaya don kada a rikita wanda ke kai fetur da wanda ke mayar da shi tanki.

Daga nan sai makunnin fetur, wanda ake juyawa tsakanin buɗe, rufe da rizab. Yana toshewa, kuma idan robarsa ta bushe yana zuƙar iska. Gwada juya shi zuwa rizab ka gani: idan injin ya gyaru, to hanyar farko ce ta toshe. Akwai kuma ɗan kofin tace fetur mai raba shi da ruwa. Kwance shi ka zuba abin da ke ciki a kwalba mai haske. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa ka gan shi ƙuru-ƙuru. Ka lura da zoben robar bakin kofin, domin idan ya tsage ko aka ɗaura shi a karkace, iska za ta riƙa shiga, alamar kuma iri ɗaya ce da ta toshewa.

Maganar ruwa a fetur ba ƙarama ba ce a wajenmu. Abin hawa ne da ake ajiyewa mako da makonni, wani lokacin duk tsawon damina, da rabin tanki. Raɓa na taruwa a ciki, fetur ɗin kansa yana tsufa ya yi kauri. Ga man jarka na ƴan bumburutu da ake saye idan layi ya yi tsawo, wanda ba ka san abin da ya zauna a jarkar kafin shi ba. Mutanen Abuja ba su manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da fetur mai yawan sinadarin metanol ya shigo kasuwa ya lalata motoci. Robobin tsohon injin irin naka sun fi na mota saurin jin jiki da irin wannan. Idan ba ka san shekarun man da ke tankinka ba, a zuƙe shi duka a zuba sabo daga gidan mai.

Yanzu kafireto. Ba na ganin laifin mai gyaran babur ɗinka, abin da ya sani ya yi, amma wannan kafireto ba irin ta babur ba ce. Ba ta da kofin da fetur ke taruwa a ƙasa. Da fatar roba take aiki, wadda ke motsi tana buɗe allura, kuma famfon fetur ɗin ma a jikin ɗaya daga cikin biyun yake, yana samun bugunsa ta wani ɗan tiyo da ya fito daga cikin injin. Idan wannan ɗan tiyon ya tsage, famfo ya daina turo mai yadda ya kamata. A cikin kowace kafireto kuma akwai wata ƴar matata ƙarama, ba ta kai kan ɗan yatsa ba, wadda ba a ganinta sai an kwance murfin gefe. A nan koren danƙon yake taruwa. Wanda ya watsa fetur ta waje ya hura da baki bai kai gare ta ba.

Gyaran gaskiya shi ne a sauke su biyun, a warware, a canja fatun roba da allura da mazauninta, a buɗe ƙananan ramukan da ke cikin maƙogwaron kafireto har a ga feshi na fita ta kowanne. Sannan a auna ƙarfin iskar da ke ɗaga allura da ɗan famfo mai geji, a tabbatar ya yi daidai da abin da littafin gyaran wannan shekarar ya faɗa, kuma kafireto biyun sun zo ɗaya. Abu biyu nake ja wa mutane kunne a kai. Na farko, a nemi kayan gyara na Mikuni na asali. Na jabu suna da arha, amma robarsu tauri gare ta, kuma na sha kwance aikin da aka yi da su. Na biyu, a mayar da tsohon sifirin ɗin allura idan lafiyarsa ƙalau, domin wanda ke zuwa a cikin kwali sau da yawa ƙarfinsa daban ne. Su kuma sukurorin da aka jujjuya, a mayar da su inda littafi ya ce. Sukuru ba ya buɗe hanyar da datti ya toshe, ɓoye ciwon kawai yake yi.

Mutuwar bayan minti goma

Wannan alama ta biyu tana iya zama ci gaban ta farko: matata mai rabin toshewa tana barin mai kaɗan-kaɗan, injin ya cinye abin da ya taru, ya mutu, kana jira ya sake taruwa kai kuma kana zaton hucewa yake yi. Amma akwai wasu abubuwa da ke yin haka, kuma gwajinsu ba ya cin kuɗi.

Tanki yana da hanyar shaƙar iska. Idan ta toshe, mai na fita iska ba ta maye gurbinsa, har famfo ya kasa ja. Da ya mutu, buɗe murfin tanki a hankali. Ɗan hucin iska ya fito waje ba komai ba ne. Idan kuwa ka ji ya zuƙi iska ciki, sannan injin ya tashi nan da nan, ka samu amsa.

Sai hayaƙi. Injin nan a rufe yake cikin gangar jirgin, iskar da ke ciki yake shaƙa. Idan tiyon salansa ya ƙone ko gasket ya buɗe, hayaƙi zai cika wurin a hankali har injin ya rasa iska mai kyau ya mutu. Kana ɗaga kujera don ka duba, iska ta shiga, ya tashi, ka rasa gane kansa. Gwajin shi ne a cire kujera a ɗan zagaya da shi a ruwa mai kwanciya kusa da gaɓa. Idan ya daina mutuwa, a bi salansa a nemo inda take yoyo.

Zafi ma yana nan. Babu lagireto a wannan injin, ruwan tafkin ne famfon baya, wanda farfela ke ciki, ke turowa ya zagaya ya fita. Jabi kuwa, kowa ya sani, akwai leda da ciyawa, ga yashi da laka a bakin gaɓa. Wanda ke tayar da injin a ruwan da bai kai gwiwa ba yana zuƙar yashi kai tsaye cikin hanyoyin sanyaya. Ka duba ko ruwa na tsartuwa ta ƴar ƙofar da aka yi don shaida, kuma ka tabbatar ƙararrawar gargaɗi tana aiki, domin a tsofaffin nan sau da yawa ta mutu tuntuni, injin yana ƙonewa shiru. Hanyar ganewa: idan ka maƙala makulli ya kamata ka ji ƙara biyu gajeru. Idan kuma leda ta naɗe farfela ko zoben da take juyawa a ciki ya cinye, alamar daban ce: injin zai yi ihu, jirgi ba ya tafiya. Wannan ba mutuwar inji ba ce, kada a haɗa su.

Ta ɓangaren wuta, bambancin da nake sa mutane su lura da shi shi ne yadda yake mutuwa. Yunwar mai tana zuwa da jan numfashi da tangal-tangal. Matsalar lantarki kuwa ɗaukewa take yi farat ɗaya kamar an zare makulli. Sau da yawa ma makullin ne: irin na 1997 yana da ɗan guntun lantarki a cikin hularsa, kuma idan hular ko sandar da take zama a kai ta yi datti ko ta saki, girgizar ruwa kaɗai ta isa ta yanke wuta. A wanke su da sabulu da ruwa, kada a shafa giris. A duba kan batir da wayar da ke zuwa jikin injin. A yanke ɗan ƙarshen wayar filogi a sake murɗa hularta, don tsatsa na cin wurin. Sannan a sa mita a batir injin na aiki: ya kamata a ga tsakanin volt 13.5 da 14.5. Idan ya haura 15, rektifaya, wato mai daidaita cajin batir, ta lalace, kuma a 787 lalacewarta tana rikita kwakwalwar injin har ya kasa ɗaukar gudu, abin ya yi kama da matsalar kafireto sak. Kwayil mai rauni shi ma yakan yi aiki da sanyi ya gaza da zafi.

Gargaɗi ɗaya a nan: kada a taɓa haɗa batir ɗinsa da na motar da injinta ke aiki don a tayar da shi. Kwakwalwar tana ƙonewa, kuma samun wata da saita mata makulli sai da na'ura ta musamman, abin da ba a samu a kowane gareji.

Idan duk wannan bai yi ba

Saura oyil sil na karanshaf. Idan suka bushe, injin na zuƙar iska ta gefe, sulo ya ƙi zama wuri ɗaya, wani lokacin a tudu ya kwasa da gudu shi kaɗai ko an zare makulli. Idan haka ta faru, a ja cok gaba ɗaya don a kashe shi. Tabbatar da wannan sai an toshe mashiga da mafita an hura iska an ga ko tana riƙewa, kuma gyaransa sai an sauke injin. Akwai kuma bawul ɗin RAVE guda biyu a kan silinda, masu buɗe mafitar hayaƙi idan gudu ya ƙaru. Idan baƙin danƙo ya riƙe su, injin ba ya kai ƙarshen gudunsa. Abin da ke jawo haka galibi man da bai dace ba ne. Sea-Doo na son man inji mai bugu biyu mai alamar API TC, ba TC-W3 da ake zuba wa injin kwalekwale da su Yamaha ba, kuma gauraya iri biyu a tanki ɗaya na iya yin kauri ya toshe matatar man.

Wata ƴar magana ga masu kai nasu Jos, don na san akwai masu ja har Rayfield su shiga tafkunan da haƙar kuza ta bari. Jos tana sama da teku da wajen mita 1,200, iskarta ba ta kai ta Abuja kauri ba, balle ta Legas. Injin zai rasa kusan kashi goma cikin ɗari na ƙarfinsa, geji zai nuna matsi ƙasa da na nan, filogi kuma zai riƙa baƙi. Wannan duk ba ciwo ba ne. Haɗarin yana wajen dawowa: wanda aka rage wa mai don ya dace da Jos, idan aka sauko da shi Jabi ba a mayar da saitin ba, yunwar nan da muka yi magana ce za ta kama shi.

Wajen gwaje-gwajen nan a kiyaye. Tururin fetur yana kwanciya a ƙasan gangar jirgin, tartsatsi ɗaya ya isa, don haka a ɗaga kujera iska ta shiga kafin a buga sitata, idan kuma ana jin warin mai a nemo inda yake zuba tukuna. Idan za a tayar da shi a gida da tiyon ruwa, injin ake fara tayarwa sannan a buɗe ruwa, wajen kashewa kuma a rufe ruwa sannan a kashe injin, kuma kada ya wuce ƴan mintuna. Aka juya tsarin, ruwa zai bi salansa ya cika silinda. Haka nan idan ya mutu a tsakiyar tafki za a jawo shi da kwalekwale, a ja a hankali ko a matse tiyon da ke kawo ruwan sanyaya. Gwaji a ruwa kuma da rigar kariya, da wani a kusa.

Ban ga jirginka ba, ban ji ƙararsa ba, don haka abin da na ba ka tsarin bincike ne da inda zato na ya fi karkata. Game da zaɓi biyun da aka ba ka: sabuwar kafireto ba ta da amfani idan tsohon tiyo zai sake cika ta da danƙo cikin mako biyu, kuma yawancin waɗanda za a kawo maka a matsayin sababbi kwaikwayo ne, tsohuwar Mikuni da aka gyara da kyau ta fi su. Sauke injin kuma sai geji ya ce a sauke, ko gwajin iska ya nuna sil ya tafi. Idan matsi ya fito wajen 150 a duka biyun, ka canja tiyo da makunnin fetur, ka zuba sabon mai, a gyara kafireto biyun da kayan asali a hannun wanda ya saba da injin ruwa ko aƙalla yake da littafin gyaran a gabansa. Ka aiko min da lambobin geji na silinda biyun, da hoton filogi kowanne da alamar na gaba ko na baya, da abin da ya faru lokacin da ka ja cok, sai mu san mataki na gaba.